Kabarin Malamin da Ba a Taɓa Haifa Ba

Pyo Gumnye ba ta taɓa ɗaga ƙafa ta harbi ko da kaza ba. Amma duk garin Kimchon babu wanda ya kai ta sanin inda wasan faɗan mijinta ya samo asali, don kuwa a ɗaki ɗaya ta tashi da asalin, ita ce ma mai wanke masa safa.

Asalin nan shi ne ubanta, Pyo Dalsu. Tun zamanin da Japanawa ke mulkin ƙasar yunwa ta kora shi Osaka, ya yi shekaru yana hura kwalba a wata masana'anta. Can ya haɗu da wani mutumin Okinawa, su biyun baƙi, su biyun abin raini a wurin 'yan gari. Idan an tashi aiki sai su zagaya bayan masana'antar, mutumin ya riƙa koya masa hyong, wato jerin nan na taku da naushi da karewa da mutum ke yi shi kaɗai, yana juyawa hagu da dama kamar maƙiya sun yi masa zobe, har ya dawo daidai inda ya fara. A Osaka aka haifi Gumnye, a can kuma uwarta ta rasu. Da Japanawa suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar, Dalsu ya ɗauko 'yarsa da tukunya da bargo ya sauka a Kimchon. Ya sami wani tsohon rumbun shinkafa bayan tashar jirgin ƙasa, ya share, ya fara koyarwa.

Mutumin nan aibinsa ɗaya, bai iya ƙarya ba. A lokacin da mutane ke bi gida gida suna kankare rubutun Japanawa daga ƙyaure, a lokacin ne shi, idan aka tambaye shi inda ya samo wasansa, zai ce, "A Osaka. Wani mutumin Okinawa ne ya koya mini, su ma sun ce daga Sin ya zo musu." Idan ya gaji kuwa, sai a ji yana ƙirga taku da yaren Japanawa bai sani ba. Shi ke nan gari ya laƙaba masa Ɗan Osaka. Masu mutunci suka hana 'ya'yansu zuwa, aka bar masa 'yan dako da marasa abin yi.

Cikin marasa abin yin akwai Gu Chilbong, ɗan mai sayar da awara, wanda 'yan dakon tasha suka taɓa yi wa dukan tsiya a kan wata rigima ta banza. Ƙirji faffaɗa, murya kamar ta mai shela, ƙafa kuwa nauyi kamar turmi. Dalsu ya kan kalle shi ya girgiza kai ya ce, "Kai dai ihunka yana riga naushinka isa." Amma yaron akwai baki. Idan ya zauna yana ba da labari, ko jirgi ya wuce ba ka ji. Da bakin nan ya sace zuciyar Gumnye, kuma kada a ce wani ya tilasta ta, ita ta gani ta ce tana so. Ta daɗe tana jin haushin kanta a kan wannan.

Sai yaƙi ya zo. Aka gudu kudu, aka dawo, aka tarar da rabin gari ya zama toka. Dalsu ya dawo da ƙugu a karye, ba ya iya tsayuwa sai da sanda. Makarantar ta faɗa hannun surukinsa Chilbong.

Shekarun nan kuwa kowane malamin faɗa a ƙasar ya shiga neman kakanni. Wanda jiya ya dawo daga Tokyo da baƙar ɗamara ta ƙwararru, yau sai ka ji wasansa ya fito daga mayaƙan sarakunan dā, shekara dubu biyu ba gyara ba ƙari. Chilbong ya saurara, ya ga abin yana ci, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Wata safiya ɗalibai suka zo suka tarar an haifi Babban Malami Muho, wani tsohon mai bautar Buda da ke zaune shi kaɗai a ƙwanƙolin dutse, wanda ya ɓoye wasan kakanni daga idon Japanawa, bai miƙa shi ga kowa ba sai Gu Chilbong. Da farko damina ɗaya ya yi a wurin tsohon. Bayan ɗan lokaci ta zama shekara uku. Kafin ka ce me, an kai bakwai, har da tsayuwa tsirara ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga dutse a tsakiyar hunturu. Gumnye tana jin wannan daga kicin, ita da ta san a shekarun nan yana yawo ne da faranti a ka yana kiran awara da zafinta.

Hyong ɗin ubanta ne, taku bisa taku. Sunaye kawai ya canja. Wannan ya zama Damisa Mai Barci, wancan Iskar Arewa. Akwai wani tsalle mai wuya a tsakiyar ɗaya daga cikinsu, wanda turmin ƙafarsa bai taɓa yarda ya yi ba. Ya cire shi, ya ce ƙarin Japanawa ne, asalin wasan babu tsalle. Ka ji fa.

Kuma abin ya ci. 'Yan sanda suka zo, malaman makaranta suka zo, ɗan mai kantin magani ya zo, mutanen da a dā suke toshe hanci idan sun wuce rumbun. Sai wata rana ɗan mai kantin maganin nan, Tak Sangdo, yaro mai yawan ladabi da ƙarancin tunani, ya durƙusa ya ce, "Malam, ina kabarin Babban Malami yake? Kunya ce a ce muna cin iliminsa ba mu taɓa zuwa mun gaishe shi ba."

To fa. A ƙasar nan wanda bai san kabarin malaminsa ba ai ba mutum ba ne. Washegari Chilbong ya hau tudun da ke bayan gari, ya yi ta kutsawa cikin ƙaya, har ya ci karo da wani kabari da ciyawa ta shanye, ba dutse ba alama, da gani masu shi sun mutu ko yaƙi ya watsa su. Ya dawo da ƙaya a wando da hawaye a ido.

Gumnye ta ajiye masa abinci ta ce, "Maigida, masu bautar Buda fa ƙona su ake yi. Ko yaron goye ya san wannan."

"Wannan na daban ne."

"Ai na ga alama. Wanda ba a haifa ba dole ya zama na daban."

"Ke, uwar Sunja, rufe mini baki. Shinkafar da kike ci daga ina take fitowa?"

Shinkafar kuwa daga can take fitowa, kuma ubanta ma ita yake ci.

Daga shekarar nan, duk gabanin bikin kaka sai makaranta ta ɗunguma zuwa tudu. Ɗalibai su yanke ciyawa da lauje, su gyara ƙasa, su shimfiɗa tabarma. Wa zai dafa abincin mamaci? Gumnye. Tun asuba tana kan wuta, shinkafa da miya da soyayyen kifi da naman sa da waina, ta wanke 'ya'yan itatuwa ta jera, ta ɗora a ka ta hau tudu. Nama da giyar shinkafa, wai ga mai bautar Buda wanda ko kifi ba ya ci! Babu wanda ya taɓa tambaya. Sai a zuba giya, a yi sujadar mamata, sannan ƙarti su jeru ba takalmi su yi Damisa Mai Barci a gaban kabarin, suna ihu har tsuntsaye su watse. Sangdo kuka yake yi duk shekara, da majina da komai.

Shi kuwa Dalsu, ainihin mai wasan, yana gida, a ɗakin baya inda ɗumin wuta ba ya kaiwa, yana ɓare tafarnuwa. Idan ya ɗingiso zuwa rumbu don kewa, ɗalibai su ce, "Kaka, ɗan duba mana takalma." Sau ɗaya ya kasa daurewa, ya sa sanda ya taɓa gwiwar wani ya ce, "Lanƙwasa ta, ɗana. A haka ko iska ta ture ka." Chilbong ya juyo daga gaban aji ya ce da murmushi, "Baba, a bar su. Namu ba irin na Osaka ba ne." Aka kwashe da dariya. Tsohon ma ya yi 'yar dariya ya koma wurin takalma, kuma dariyarsa ce ta fi ƙona wa Gumnye rai.

Abu ɗaya take so a duniya, kuma ba babba ba ne. Tana so wata rana mijinta ya tsaya gaban ɗalibansa ya nuna tsohon ya ce, wannan ne Pyo Dalsu, shi ya koya mini. Ta roƙa da lalama. Ta roƙa da faɗa. Ta taɓa yin wata guda ba ta yi masa magana ba, shi kuwa ko a jikinsa, don dama shi ke magana a gidan. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Lokaci bai yi ba. Bari mutane su manta da Japanawa tukuna."

Ana nan sai gwamnati ta tashi gina babbar hanyar mota daga Seoul zuwa Pusan, kuma hanyar ta ce sai ta bi ta kan tudun. Aka kafa jajayen tutoci a kan kaburbura, aka yi shela kowa ya zo ya kwashe nasa, wanda ba a zo wa ba za a haɗa shi da sauran marasa gata a rami ɗaya. Wani da jin haka sai ya ce asirinsa ya tonu. Chilbong biki ya gani. Ya ɗauko mai duba ƙasa, wani tsoho mai allurar gane gabas, suka yi ta hawa da sauka har aka sami wuri mai dutse a baya da rafi a gaba, irin wanda ake cewa yana jawo wa magada arziki. Ɗalibai suka share, suka yi matakala. Aka ba masassaƙi aikin baƙin dutse mai tsayin mutum da sunan Muho a jiki. Aka sa ranar bikin mayar da Babban Malami sabon kabari a ƙarshen kaka, aka aika wa manyan malamai na wasu garuruwa.

Sai ga baƙo. Da hantsi ya zo, lokacin da rumbu ba kowa, wani mutum mai furfura da tsohuwar kwat, hannayensa duk kanta. Ya ce sunansa No Pansu, lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Pusan. Bai ko zauna ba ya zube a tsakar gida ya kai goshi ƙasa gaban Chilbong.

"Ranka ya daɗe, an ce kai ne. Na ji labarin hanya na taho a guje, ina cewa ko kabarin ma ba zan gane ba. Na tarar da shi fes, kamar na uwar gwamna! Na tambaya aka ce ai Malam Gu ne ke zuwa da ɗalibansa duk shekara, har da nama. Da nama! Matar da ta mutu ba ta ƙoshi da sha'ir ba!"

Chilbong ya ce, "Wace mata?"

"Uwata mana. Mai wankau ce a bakin rafi. Ni da hannuna na binne ta kafin a kwashe mu aikin dole. Me ta yi maka, ranka ya daɗe, da ka riƙe ta haka?"

Gumnye tana bakin rijiya. Ta sa gefen zane ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Shekara da shekaru 'yan sandan Kimchon suna yi wa mai wankau sujada suna nuna mata Damisa Mai Barci. Ta ce a ranta, Allah ya ƙara. Shi kuwa gogan, da yake bakinsa bai taɓa barinsa a rana ba, ya gyara murya ya ce ai kowane kabari da aka yasar uwa ce a wurinsa, kuma alheri ba ya son talla, don haka kada Pansu ya gaya wa kowa, ya kwashe tsohuwarsa da sassafe ya tafi. Pansu ya tafi yana share hawaye yana sa albarka. Kashegari ramin ya zama fanko. Chilbong ya gaya wa ɗalibai shi ya tono Babban Malami da kansa, don bai kamata idon kowa ya gan shi ba, yana ajiye a wuri mai tsarki har ranar biki.

Kai ka ce ai sai ya zuba duwatsu a akwati ya huta. Ina! Mutumin da ya ƙirƙiri mamaci da bakinsa, shi ne kuma mai tsoron mamata. Ya je wurin mai duba ƙasa ya ce wai wani abokinsa ne ke tambaya, idan aka rufe kabari ba kowa a ciki fa? Tsohon ya zaro ido ya ce wuri mai ƙarfi irin wannan, idan aka ba shi akwati fanko, to shi zai nemo wanda zai cika shi, kuma daga gidan wanda ya haƙa zai fara. Chilbong ya dawo gida ba jini a fuska. Kwana da kwanaki ba ya cin abinci. Ya zauna a baranda yana zare ido, daga ɗakin baya kuma ana jin tarin tsoho, tari mai zurfi wanda ya kama shi tun farkon sanyi yana ƙaruwa. Gumnye ta ga lokacin da mijinta ya ɗaga kai ya kasa kunne. Ta gane kafin ya buɗe baki.

A ranar aka ɗauko tsohon aka kwantar da shi a babban ɗaki, daidai inda ƙasa ta fi ɗumi, wurin da Chilbong bai taɓa bar wa kowa ba. Aka yanka kaza. Da yamma ya same ta a kicin, ya tsuguna kusa da murhu, ya kwantar da murya.

"Uwar Sunja, Baba fa ba zai ga sabuwar shekara ba. Ke ma kin sani."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Ki saurara. Ba shi da ɗa namiji. Wa zai yanke masa ciyawa? Wa zai zuba masa giya? Ga wuri can, ko minista bai samu irinsa ba. Ɗalibai ɗari za su riƙa yi masa sujada duk shekara har duniya ta naɗe. Ba abin da kike nema ke nan ba?"

Ta ajiye ludayi. Karo na farko tun da aka ɗaura musu aure, ita ce ke riƙe da abin da yake so.

"Na yarda," in ji ta. "A goge sunan da ke kan dutsen, a rubuta Pyo Dalsu. Ka tsaya a gaban baƙinka ka ce ga wanda ya koya maka."

"Kin haukace? In ce wa manyan malamai wasana na Ɗan Osaka ne? Gobe rumbun nan ko ɓera ba zai shiga ba!"

"To ka shiga akwatin da kanka. Ai ya yi daidai da kai, in an ɗan matse ƙirjin."

Bangon gidan takarda ne da itace. Daga ɗaki sai aka ji murya ƙasa ƙasa: "Gumnye. Zo."

Ta shiga ta durƙusa. Tsohon ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, amma idonsa tar.

"Na ji ku. Ki bar shi ya yi."

"Baba! Da sunan wani? Wani ma da babu shi?"

"Sunana me ya taɓa ba ni? Ke 'ya mace ce, ta gidan Gu ce ke, iyayensa za ki yi wa hidima. Na ga yadda ake yi da namu a Osaka, waɗanda ba su da kowa. Ba mai zuba musu ko ruwa." Ya yi tari har ta tallafe shi. "Na sha yunwa da raina, 'yata. Ba na so in je can ma in riƙa bi ƙofa ƙofa ina leƙen tabarmar wasu."

"Ni zan zo. Ni kaɗai na isa."

"Ke ma za ki tsufa." Ya lumshe ido. Can ya ce, "Amma ki gaya masa ya mayar da tsallen nan. Abin ba ya kyau babu shi."

Ta fito ta zauna bayan tulunan miya ta yi kuka, kukan haushi, kuma ba mijinta kaɗai take jin haushi ba. Shekaru tana yaƙi saboda sunan mutumin nan, shi kuwa ya sayar da shi a kan kwanon shinkafa ɗaya a shekara. Ta raina shi a ranar, ubanta, kuma ba ta taɓa yafe wa kanta rainin ba.

Tsohon ya cika kafin ranar bikin da kaɗan, kamar wanda ba ya son ɓata wa mutane shiri. Jikarsa Sunja tana makaranta a Taegu, ba a gaya mata ba. Aka ce wa maƙwabta an sa tsoho a mota an kai shi wurin danginsa a kudu don neman magani. Gumnye ta wanke ubanta ita kaɗai, ƙofa a kulle, ba ta ɗaga murya ba, ba ta saki gashi ba, ba ta sa farin makoki ba.

Ranar biki gari ya cika. Manyan malamai suka zo da motoci da tumbi. Ɗalibai shida suka ɗauki akwatin, suna zaton 'yan ƙasusuwa ne, sai suka ji ya danne musu kafaɗa. Sangdo ya ce da rawar murya, "Malam, da nauyi!" Chilbong ko gezau. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na ɓoye muku ne don kada ku firgita. Da na buɗe ƙasa, jikinsa na tarar kamar jiya ya kwanta. Ƙasa ba ta cin irinsu." Wayyo, sai ga ƙarti suna zubewa. Wani babban malami daga Taejon ya ce shi ma nasa malamin haka aka same shi. Gumnye tana gefe da babbar tukunya tana zuba wa baƙi miya. Ana saukar da ubanta cikin rami wani ya miƙo kwano ya ce, "Uwargida, a ƙara mini nama." Ta ƙara masa.

Bayan wata biyu aka ce labari ya zo daga kudu, tsoho ya rasu, dangi sun binne shi can. Ba wanda ya girgiza. Tsallen kuwa ba a mayar ba.

Sauran rayuwarta ba ta da yawan labari. Duk shekara ta dafa, ta ɗora a ka, ta hau matakala. Matan unguwa suka sa mata ido suka ga ba ta taɓa shiga jirgin kudu ba, sai suka fara. A bakin famfo, a kasuwa, a gidan wanka: "Kun ga wannan? Rawar jiki take yi a kan kabarin malamin miji, na ubanta kuwa ko hanyarsa ba ta sani ba. Tir." Uwaye suka riƙa yi wa 'ya'yansu mata kashedi da ita. Sunja ma da ta girma ta taɓa ce mata, "Umma, ke ba kya jin kunya?" Ta ce, "Ina ji."

Chilbong ya mutu da furfura da lambobin yabo, aka binne shi ƙasa kaɗan da malaminsa. Makarantar ta haifi makarantu har a ƙetaren teku. Ya zama duk kaka motocin safa ne ke zuwa, Turawa da baƙaƙen fata sanye da fararen riguna, su jeru a gaban baƙin dutse su yi Damisa Mai Barci, masu ɗaukar hoto na bin su. Sangdo ne shugaba yanzu, ya yi sanƙo, ya yi tumbi, har yau kuma yana kuka.

Shekarar da ƙafafunta suka gaza, a kujera aka hau da ita. Ta ga wanda zai ji kunya ya mutu, wanda za a kora daga rumbu ya mutu, Japanawan ma yanzu yawon buɗe ido suke zuwa. Ana gama sujada, wuri ya yi tsit, ta buga sanda a kan matakala.

"Sangdo!"

Ya taho da sauri ya rusuna. "Na'am, Uwargida."

"Wanda ke cikin ramin nan ba Muho ba ne. Babu wani Muho, ba a taɓa yin sa ba. Pyo Dalsu ne a ciki. Shi ya koya wa malaminku duk abin da kuke yi, a Osaka ya samo shi, kuma akwai tsalle a tsakiya da kuka zubar. Ka faɗa musu. Ka faɗa da yarensu su ji."

Ta yi tanadin faɗa. Ta ɗauka zai yi ihu, ya ce ƙarya take yi, ya ce Ɗan Osaka bai isa ba, ita kuma ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ga yana kallonta da tausayi. Ya yafito wata mata ya ce a kawo laima da ruwan sanyi, rana ta bugi Uwargida. Ya tsuguna ya gyara mata bargo a gwiwa, kamar yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi, ya ɗan yi tunani da gaske, yana so ya faranta mata.

"Pyo," in ji shi a hankali. "Uwargida, ki gafarce ni. Wane Pyo?"